Babi na Biyar: In An Raba Ƙasa, Ɗan Agege Na Wace Ƙasa Ne?

Duk sa'ad da maganar raba Najeriya ta sake tasowa, tambaya ɗaya ce takan karaɗe rumfunan Sabo ta Ikorodu da Zangon Agege da kasuwar Mile 12: wai shin doka ta yarda wani yanki ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya ɓalle, kuma in har ya ɓalle, mu da aka haifa a nan ina muka dosa? Lauyoyi sukan amsa rabin farko na tambayar su yi shiru a kan na biyu. 'Yan siyasa kuwa, masu son rabuwa da masu ƙin ta, sukan yi ta jayayya a kan arzikin mai da harajin tashar jiragen ruwa, sai ka ce ƙasa fili ce kawai ba mutane a ciki. A ganina rabi na biyu shi ne zuciyar maganar. Duk wani shirin rabuwa da bai faɗi makomar mutumin da ke zaune nesa da garin kakanninsa ba, bai kai a kira shi shiri ba. Haka nan duk wata kariyar haɗin kai da ta bar wannan mutumi yana baƙo a garin da aka yanke cibiyarsa, ta bar ginin da take karewa ba harsashi.

Abin da doka ta ce

Kundin tsarin mulki na 1999 bai yi kwana-kwana ba. Sashe na 2 ya ce Najeriya ƙasa ɗaya ce mai cin gashin kanta, wadda ba ta rabuwa kuma ba ta rushewa. Babu wani sashe da ya ba jiha ko ƙabila ko yanki hanyar fita. Ƙuri'ar raba-gardama ma, wadda masu fafutuka ke yawan ambata, kundin ya san ta ne a wurare ƙalilan: wajen ƙirƙirar sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, da wajen yi wa ɗan majalisa kiranye. Wanda ke son a buɗe ƙofar fita bisa doka sai ya bi ta sashe na 9, wato ya samu kashi biyu cikin uku na 'yan Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, sannan majalisun dokokin jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Jihohin Yarbawa shida ne, na Ibo biyar. Ko da sun haɗa kai, ba su kai rabin adadin ba.

Masu neman ƙasar Yarbawa da masu neman Biyafara sukan tsallake wannan su kama dokar ƙasa da ƙasa. Hujjarsu ita ce Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda sashenta na 20 ya ba kowace al'umma 'yancin zaɓar makomarta, kuma Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983. Hujja ce mai ɗan nauyi, har wata babbar kotun jihar Oyo ta jingina da irin ta a Satumbar 2021, lokacin da ta ce a biya ɗan fafutukar ƙasar Yarbawa Sunday Igboho diyyar naira biliyan 20 saboda samamen da jami'an tsaron farin kaya suka kai gidansa a Ibadan. Sai dai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci a Agustan 2022. Tun kafin nan ma, a shari'ar Abacha da Fawehinmi a shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta riga ta bayyana cewa yarjejeniyar tana ƙarƙashin kundin tsarin mulki ne, ba ta hau kansa ba. Ita kanta hukumar Afirka da ke fassara yarjejeniyar, da mutanen Katanga suka kai mata ƙarar neman ɓallewa daga Zayar, ta ce a 1995 su nemi 'yancinsu ta hanyar da ba za ta taɓa iyakokin ƙasar ba. Wannan ya yi daidai da matsayar da shugabannin Afirka suka ɗauka a Alƙahira a 1964, cewa a riƙe iyakokin da aka gada ranar samun mulkin kai.

Akwai kuma masu cewa kundin 1999 kansa haramtacce ne, tunda sojoji ne suka zartar da shi da dokar soja a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, ba a taɓa kai shi gaban jama'a ba. Farfesa Banji Akintoye da abokan tafiyarsa sun daɗe a kan wannan magana, kuma gaskiya ne ba a jefa ƙuri'a a kan kundin ba. Amma in an yar da shi saboda asalinsa, ba sashe na 2 kaɗai zai faɗi ba. Jihohi da gwamnoninsu da kotunan da ake kai ƙarar duk a kansa suke tsaye. Sannan hana ƙofar fita ba ƙirƙirar 1999 ba ce. Ta girmi mulkin soja gaba ɗaya, kuma a nan Legas aka fara yanke ta.

Kowa ya taɓa neman fita

Matasa da yawa a Arewa sun taso suna jin cewa ɓallewa cutar mutanen Kudu ce. Tarihi bai goyi bayan haka ba, kuma bai kamata mu ɓoye wa kanmu ba.

A ranar 31 ga Maris 1953, Anthony Enahoro ya kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai a Legas cewa a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin boko da za su riƙe ofisoshinta. Jama'ar gari suka yi wa wakilan Arewa ihu da tsiya a titunan Legas. Cikin watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano lokacin da tawagar jam'iyyar Action Group ƙarƙashin Samuel Akintola ta zo rangadi, aka kashe mutum 36 bisa ƙidayar hukuma. A cikin wannan wata majalisun Arewa suka amince da tsari mai manufofi takwas, wanda da an bi shi da babu majalisar tarayya sam, sai wata hukuma ƙarama mai kula da tsaro da hulɗa da waje da kwastan. Wannan rabuwa ce in ban da suna. Babban abin da ya sanyaya gwiwar shugabannin Arewa shi ne gyaɗa da auduga da fatu ba su da hanyar zuwa kasuwar duniya sai ta tashar Apapa ko ta Fatakwal.

Bayan 'yan watanni sai ƙafa ta juya. A taron Landan na 1953, Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton ya yanke cewa a cire birnin Legas daga Jihar Yamma a mai da shi babban birnin tarayya, abin da wakilan Arewa da jam'iyyar Azikiwe suka goyi baya. Obafemi Awolowo ya fusata, ya yi barazanar fitar da Yamma, kuma da aka koma taro a Legas a farkon 1954 jam'iyyarsa ta nemi a rubuta 'yancin ɓallewa a cikin kundin. Azikiwe ya ƙi, Turawa suka ƙi, aka binne maganar. Iyakar da aka shata a lokacin ta bar tsibirin Legas da Yaba da Ebute Metta a hannun tarayya, amma Ikorodu da Agege da Ikeja da Mushin da Epe da Badagry suka zauna a Jihar Yamma har zuwa 27 ga Mayu 1967 da aka ƙirƙiri jihar Legas. Ke nan da Yamma ta fita a 1954, da Bahaushen da ke fataucin goro a Agege ya wayi gari a wata ƙasa, ɗan'uwansa na Obalende kuma a wata.

Sai 1966. Bayan juyin mulkin Janairu da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da dokar Ironsi ta 34 wadda ta soke tsarin tarayya a watan Mayu, taken da aka riƙa ɗagawa a biranen Arewa shi ne Araba. Sojojin Arewa da suka yi juyin mulkin ramuwa a ranar 29 ga Yuli sun taru ne a barikin Ikeja, nan maƙwabtan Agege, kuma niyyar da yawansu, har da Murtala Muhammad, ita ce su janye Arewa daga ƙasar. Har an fara kwashe iyalansu ta jirgin sama. Manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Birtaniya da Amurka ne suka yi kwanaki suna lallashi kafin Yakubu Gowon ya karɓi mulkin ƙasa ɗaya a ranar 1 ga Agusta. Ko a taron tsarin mulki na Satumbar wannan shekara, takardar farko da wakilan Arewa suka gabatar ta nemi kowane yanki ya samu 'yancin fita, daga baya ne suka janye ta. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: kisan dubban 'yan ƙabilar Ibo a Arewa, gudun fiye da mutum miliyan zuwa Gabas, umarnin Ojukwu cewa waɗanda ba 'yan Gabas ba su fita, shelar Biyafara a ranar 30 ga Mayu 1967, da yaƙin basasa na wata talatin.

A duba jerin nan da kyau. Kowane yanki ya nemi fita a ranar da ya ga ragamar tarayya ta kuɓuce masa, ya kuma zama mai kare haɗin kai a ranar da ta dawo hannunsa ko ta kusa. Abu na biyu, wanda ya fi shafar mu: tun kafin a shata iyaka, abin da ake fara yi shi ne kwashe mutane.

Wa zai jefa ƙuri'ar?

Masu fafutuka na yau suna cewa zamani ya canza, ba yaƙi suke nema ba, a yi ƙuri'ar raba-gardama kawai kamar yadda Birtaniya ta yi wa Sikotland. Buƙata ce da ta cancanci amsa ta hankali, ba zagi ba. A ranar 18 ga Satumba 2014 Sikotland ta kaɗa ƙuri'a, kashi 55 cikin ɗari suka zaɓi zama. Amma abubuwa biyu ne suka sa ta yiwu lami lafiya. Na farko, gwamnatin Landan ce ta amince a rubuce tun 2012, kuma da Sikotland ta so ta sake shiryawa ita kaɗai, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce a Nuwamban 2022 ba ta da wannan iko. Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba, mazauni ne ya yi zaɓe, ba ɗan asali ba. Ɗan Najeriya mai cikakken izinin zama a Gilasgo ya jefa ƙuri'a, alhali dubban ɗaruruwan 'yan asalin Sikotland da ke zaune a Ingila ba su samu dama ba.

To a kawo wannan Legas. In mazauni ne zai zaɓa, mahaucin Oko-Oba da dillalin tumatir na Mile 12 da ɗan kasuwar Ibo na Alaba duk suna da ƙuri'a daidai da ta basaraken Ikorodu. Shin masu neman ƙasar Yarbawa sun yarda da haka? In kuwa ɗan asali ne kaɗai zai zaɓa, to ba tsarin Sikotland ake nema ba, tsarin Sudan ne. A ƙuri'ar Janairun 2011 asalin kakanni ne babban ma'aunin wanda ya cancanci zaɓe, kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa, Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a ranar 9 ga Yuli. Nan da nan gwamnatin Kartum ta gyara dokar zama ɗan ƙasa, duk wanda ke da asalin Kudu ya rasa takardunsa na Sudan, aka ba su zuwa 8 ga Afrilu 2012 su tashi ko su yi rajista a matsayin baƙi. Dubban ɗaruruwa ne abin ya shafa, da yawansu a Kartum aka haife su, Larabcin Kartum suke yi, ba su taɓa taka Juba ba. Sabuwar ƙasar da aka tura su kuma ta faɗa yaƙin basasa a Disambar 2013.

A al'adarmu in 'yan'uwa za su raba gandu, abin yana yiwuwa ne domin gona a shimfiɗe take, ana iya auna ta a kafa iyaka, kowa ya san kunyarsa. Najeriya ta wuce wannan matsayi tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912. Goro ya jawo Hausawa Agege, suka kafa zango, suka yi sarki, suka aurar suka aura, yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne da Yarbancinsu ya fi Hausarsu kaifi. Haka Yarbawan Sabon Garin Kano da na Ayagi, da Ibon Kaduna da Jos. Ba a auna irin waɗannan da igiya.

In an rabu ai za a ci gaba da zama

Wasu sukan ce wannan tsoro ne kawai, ai ko an rabu akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba 'yan Afirka ta Yamma damar shige da fice, kowa zai zauna inda yake ya ci gaba da kasuwancinsa. Hausawan zango su ne suka fi kowa sanin raunin wannan magana. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, mutanen Najeriya da na Nijar da suka shekara aru-aru a Kumasi da Akra suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau manyan motoci. A Janairun 1983, ƙasa da shekara huɗu bayan sa hannu a yarjejeniyar, gwamnatin Shagari ta kori fiye da mutum miliyan, akasarinsu 'yan Gana, kuma daga Legas ɗin nan aka fi kwasarsu. A 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu fiye da shekara guda. Nijar kuwa, wadda muke harshe ɗaya da addini ɗaya da ita, ta fice daga ƙungiyar ɗungurungum. Izinin zama na baƙo alfarma ce, gwamnatin da ta ba da shi tana iya janye shi ranar da tattalin arziki ya matse ko zaɓe ya gabato. Abin da mazaunin Ikorodu ke da shi yau ya fi haka nesa ba kusa ba: sashe na 41 ya ba shi 'yancin zama a ko'ina cikin Najeriya, sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili da gida a ko'ina, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garinsu. Ranar da aka rabu, waɗannan sassa uku sun tafi tare da sashe na 2.

An ɗan ɗanɗana yadda abin zai kasance. A Yunin 2017 gamayyar ƙungiyoyin matasan Arewa ta tsaya a Arewa House a Kaduna ta ba Ibo wa'adi su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba. An janye wa'adin a watan Agusta, amma duk mai hankali a Agege ya san cewa da an aiwatar da shi, shi ne zai fara biyan bashin, kamar yadda rikicin Shagamu na 1999 ya haifi ramuwa a Kano, kuma aka zubar da jini a Ketu da Mile 12 a ƙarshen wannan shekara. A Janairun 2021 Igboho ya ba Fulanin Igangan kwana bakwai su tashi, a Fabrairu kasuwar Shasha ta Ibadan ta ƙone, sai ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki. Farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabo a Legas, kaya kuma suka riƙa ruɓewa a hannun manoman Arewa. Ba wanda ya ci riba. Ko katafaren injin casar shinkafa da jihar Legas ta gina a Imota, nan cikin yankin Ikorodu, aka buɗe a Janairun 2023, gonakin Legas kaɗai ba za su iya ciyar da shi ba sai an haɗa da shinkafar jihohi irin su Kebbi.

Kulle ƙofa bai isa ba

Kada a ɗauka duk wannan yana nufin masu cewa haɗin kai ba abin tattaunawa ba ne sun yi daidai. Ruwa ba ya tsami banza. Manomin Ibarapa da aka sace ɗansa, da matashin Aba da ke ganin tun 1970 ba a yafe wa mutanensa ba, da mai kamun kifin Neja Delta da mai ya kashe masa ruwa, kukansu na gaske ne ko da maganin da suka zaɓa bai dace ba. Gwamnatoci sun saba amsa musu da abu biyu: haramta magana da tura jami'an tsaro. A taron ƙasa na 2014 an gaya wa wakilai tun farko cewa kasancewar Najeriya ƙasa ɗaya ba ta cikin abin da za su taɓa. Gangamin masu neman ƙasar Yarbawa a Ojota, a kan titin Ikorodu, a ranar 3 ga Yuli 2021, da harbi da barkonon tsohuwa aka watsa shi, har aka rasa ran wata yarinya mai talla. Sifaniya ta bi irin wannan hanya da Kataloniya bayan ƙuri'ar 2017, ta ɗaure shugabanninta, daga baya dole ta yi musu afuwa domin ɗauri bai kashe maganar ba. Kanada ta fi dabara. Bayan ƙuri'ar Kwibek ta 1995 da masu son zama suka ci da ƙyar, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a 1998 lardi ba shi da ikon fita shi kaɗai, amma in mafi rinjaye a fili suka nemi fita, wajibi ne a zauna da su, kuma cikin abin da za a tattauna har da iyakoki da haƙƙin tsiraru. Da aka fito da tsadar rabuwa fili haka, zafin neman ta ya ragu. Wanda ya ɗauki makami ko ya ba maƙwabcinsa wa'adin tashi, doka ta hau kansa, ko a Igangan ko a Kaduna. Wanda kuwa ya tsaya a kan magana, a bar shi ya yi, a kuma tilasta masa da hujja ya faɗi abin da zai yi da mutanen Zangon Agege. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai dai ita ma gwamnatin da ke tsare da sashe na 2 akwai tambayar da ke jiran ta. Kundin da ya ce ɗan Najeriya ya zauna inda ya so, shi ne kuma ya ce a sashe na 147 a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, ya kuma auna zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni. Daga nan takardar shaidar ƙaramar hukuma ta samo ƙarfinta. Yaron da aka haifa a Ikorodu, ya yi firamare da sakandare a Ikorodu, mahaifinsa yana biyan haraji a Ikorodu, in ya zo neman gurbin karatu ko aikin soja sai a ce ya je Ɗambatta ko Illela ya karɓo takarda daga garin da wataƙila ko hanyarsa bai sani ba. Yadda wannan takarda ta samo asali, da wanda ke ba da ita, da abin da take hana mutum a Legas da Jos da Kano, shi ne abin da babi na gaba zai bi diddigi.